Ranar da Muka Karye Masara Ɗanya

Shekarar da autata ta dawo gida daga karatu, ni ce mai ajiye kayan gonar zumuntar mata ta cocinmu a Romi. Ba wani babban muƙami ba ne. Fartanyoyi da buhuna da igiyoyi ake tarawa a ɗakin bayan gidana, saboda gidana ya fi na kowa kusa da hanyar rafi. Gonar kuwa wani dattijon Gwari ne ya ba mu aro a fadama, ƙasa-ƙasa, kusa da inda rafinmu yake zubawa cikin kogin Kaduna. Masara muke shukawa. In ta bushe mu ɓare, mu kai wa gwauraye da marasa lafiya, sauran mu ajiye don taron ƙarshen shekara.

Yarinyar ta karanta ilimin taswira ne. Da ta dawo na zaci za ta riƙa saka takalmi mai tsini tana fita da safe kamar 'ya'yan mutane. Sai na ga ta share teburin falo, ta kafa kwamfuta, ta zauna. Maƙwabta in sun tambaye ni ko ta samu aiki, sai in ce, "Tana kan kwamfuta," in yi sauri in kawo wata magana.

Wata rana ina tsintar shinkafa ta ce, "Mama, zo ki ga gidanki."

Na je da tire a hannu. A fuskar kwamfutar akwai wani hoto mai kore da toka-toka, da wani zare mai lanƙwasa ya ratsa shi. Ta ce zaren shi ne kogi. Ta yi ta jawo hoton kusa har rufin gidaje suka fito, kowanne bai fi ƙwayar shinkafar da nake tsinta ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Wa ya hau sama ya ɗauka?" na tambaye ta.

Ta ce tauraron ɗan'adam ne, yana wucewa ta kanmu duk bayan 'yan kwanaki yana ɗaukar hoto. Ta ce akwai mai gani kamar ido, wanda gajimare ke tare shi, akwai kuma wanda ke gani ta cikin gajimare ko da hadari ya rufe gari. Ita da abokan karatunta biyu, kowa daga gidansu, suna koya wa kwamfuta ta riƙa duba hotunan da kanta, ta gwada na yau da na makon jiya, duk inda ta ga ruwa ya kwanta a wurin da babu ruwa a da, sai ta sa jan ɗigo. In abin ya yi kyau, za a san ambaliya ta taso tun kafin ta iso ƙofar mutane.

"To ya yi kyau?"

Ta yi tsaki, ta nuna mini. Jajayen ɗigo sun cika unguwanninmu kamar ƙyanda. "Duk waɗannan ta ce ruwa ne, Mama. Ni kuma ban san ko gaskiya ne ba sai na je na gani, kuma ban san wuraren ba."

Nan ne na ajiye tiren. Bayan an rufe masaƙar da na yi aiki a Kakuri, shekaru da yawa na yi ina yawon sayar da atamfa gida-gida, daga Trikania har Gonin Gora. Babu lungun da ban shiga ba, babu karen da bai yi mini haushi ba. Na ce ta nuna mini babban titi da layin dogo, in gane gabas da yamma. Da na gane, sai na sa yatsa a kan ɗigo na farko.

"Wannan ba ruwa ba ne. Filin da mai buga bulo ya yi wa daɓen siminti ne kwanan nan."

"Wannan fa?"

"Sabon gidan mai. Sun zuba kwalta har bakin titi."

Ta juyo ta dube ni kamar ba ita na goya ba. Ta ce haka ne, tauraron nan mai gani ta cikin gajimare, duk abin da ya yi santsi ya kwanta lif, kamar ruwa yake ganinsa. Ta jawo mini kujera. Ranar shinkafar ba ta dahu ba sai bayan azahar ta wuce sosai, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Amma ta ce faɗa da baki ba zai isa ba. Kwamfutar tana bukatar hoto daga ƙasa, da alamar daidai wurin da aka tsaya, don ta koyi bambanci. Haka muka fara fita. Da safe mu tari keke, ita da wayarta, ni da lema. Mun je wani ɗigo a Trikania muka tarar filin ƙwallon makaranta ne da aka share tas. Mun je wani a bayan kasuwa muka tarar da gaske ruwa ne, kwalbati ya toshe, ya mayar da layi guda tafki, agwagi na ta iyo. Yarinyar ta yi ta murna tana ɗaukar hoto, har wata mata da ta tattare zani tana ƙetarawa ta ce mata, "Ke, abin dariya ne?" Sai da na ba ta haƙuri.

Ƙafafuna ba su kai na da ba, ɗigon kuma ba ya ƙarewa. Sai na kai maganar wurin taron zumunta na ranar Talata. Na ce wa mata, duk wadda 'yata ta kira, ta leƙa wuri kaza kusa da gidanta, ta ɗauki hoto ta turo. Wasu suka ce ba su iya ba. Autata ta zo mako na gaba ta koya musu a ƙarƙashin bishiyar mangwaron coci. Hotunan farko rabi na babban yatsa ne, rabi na sama. Wata ta turo hoton kanta da sabon ɗankwali, ruwan yana can bayanta ɗan ƙarami. Amma suka iya. Kafin damina ta yi nisa, jajayen ɗigon ƙarya sun ragu ƙwarai, kuma matan sun fara kiran abin "kwamfutarmu".

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa turo hoto ba, uwar zumuntarmu. Tsohuwar ungozoma ce, ta girme mu duka, rabin matan zumunta ita ta karɓi haihuwarsu. Ba ta hana kowa ba, amma ta ce mini, "Ƙanwata, ni gwiwata ce ke gaya mini za a yi ruwa, kuma ba ta bukatar caji."

Masararmu ta yi kyau a shekarar. Ta yi goyo bibbiyu, gemunta ya fara baƙi. In ka ɓare ɗaya ka danna ƙwaya da farce, sai madara ta fito. Saura 'yan makonni ta bushe.

Wata Laraba da safe, rana ta fito tas, na yi wanki na shanya. Kwana uku ke nan ba a yi ko yayyafi ba. Sai yarinyar ta fito tsakar gida da kwamfutar a hannu, ba ta ko sa takalmi ba.

"Mama, zo ki gaya mini ko wannan ma daɓen siminti ne."

Wurin da ta nuna mini ban san shi ba. Can sama ne, nesa da gari, ta inda kogin ke gangarowa daga wajen tsaunukan Filato. A hoton makon jiya kogin zare ne. A na ranar ya zama kamar an zubar da manja a tabarma, ja ya bazu hagu da dama, ya cinye fadamu. Ta ce an kwana biyu ana tafka ruwa a can, ta kira wani abokin aikinta da ke da dangi a yankin, sun ce gonaki sun nutse.

"Duk ruwan nan ta nan zai bi," in ji ta. "In kogi ya cika, rafinmu ba zai samu wurin zubawa ba, sai ya koma baya. Gonarku ce farko."

"Yaushe?"

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila jibi, wataƙila gata. Zai iya yiwuwa kuma ya baje a hanya, ya iso da sauƙi. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta ce sun riga sun aika wa ofishin da ke kula da irin wannan, sun kuma tura wa masu unguwannin bakin kogi. Saura mu.

Na bar wankin, na ɗaura zani, muka tafi gidan uwar zumunta. Muka same ta tana shanya barkono a rana. Na faɗi abin da ya kawo mu. Ta ɗaga kai ta dubi sama, babu gajimare ko ɗaya, ta dube ni.

"Ki ce mu karye masarar gwauraye ɗanya, a wannan ranar da ake shanya barkono?"

"Mama, ruwan ba daga samanmu zai zo ba," in ji 'yata, ta durƙusa kusa da ita ta buɗe kwamfutar. "Ya riga ya sauka a wani wuri. Yana kan hanya ne."

Tsohuwar ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallon hotunan biyu, na makon jiya da na yau. Sannan ta yi tambayar da ban zata ba.

"Abin nan naki yana kuskure?"

"Yana yi, Mama. Da yana yi sosai. Matan zumunta ne suka rage masa."

"In ka tambayi mai naƙuda yaushe za ta haihu, ita ma ba ta sani ba," in ji ta, tana cire tabarau. "Amma ba a jira sai kai ya fito a nemi reza. Da kin ce mini ba ya kuskure, da na kore ku. Ƙanwata, je ki fito da buhuna. Gobe da sassafe kowa ta zo."

A hanyar komawa na ce mu biya ta wurin masu yashi. Akwai wani Alhaji da ke da tifa biyu da injin jan yashi a bakin kogi, ƙasa da gonarmu kaɗan. Mun saba gaisawa, don ta hanyarsa muke wucewa, kuma ya taɓa gyara mana gadar katako da motarsa ta karya. Muka same shi zaune a inuwar rumfa yana shan shayi.

"Madam, lafiya da rana haka?"

Na ce, "Alhaji, 'yata ce ke da magana."

Ya saurara har ta gama. Ya ce shekara da shekaru yana bakin kogin nan, ya san yana cika ba tare da an yi ruwa a gari ba, amma kullum sai ya gani da ido yake sani, kuma sau biyu injinsa na nutsewa. Ya miƙe ya ƙwala wa ma'aikatansa kira su fara kwance bututu. Sannan ya juyo ya ce, "Masarar taku, da me za ku kwashe?"

Na ce da kai.

Ya yi dariya har shayin ya zube. "Gobe tifa ɗaya taku ce."

Ban taɓa ganin karyar masara irin ta wannan Alhamis ba. Mata suka zo da kwanduna da bahuna, wasu da goyo, wasu sun rufe shago. Wata ta zo da tulun da muke kiɗa da shi a coci, wai ba za ta iya aiki shiru ba. Muka shiga kunya-kunya, ana karya ana waƙa, mai tulu tana binmu a baya tana bugawa. Uwar zumunta ta zauna a kan kujera a bakin gona da lema, tana ba da umarni kamar a ɗakin haihuwa. Autata, wadda tun tana firamare rabonta da gona, ganyen masara ya yanyanka mata hannu, ta ƙi ta daina. Direban Alhaji ya yi sawu uku. A sawun ƙarshe muka hau bayan tifar a kan tulin masara, mu manyan mata da jikoki, muka shigo Romi muna guɗa, mutane suna fitowa daga shaguna suna tambaya ko biki ake yi.

Aka zube masarar a harabar coci. Ta yi tsauni. Nan ne muka tsaya muna kallon juna, don ɗanyar masara ba ta jira. In ta kwana biyu a tare sai ta yi zafi ta fara lalacewa.

Juma'a ta zo, rana ƙwal. Na aiki kaina bakin rafi da safe, na tarar yana nan yadda yake, har wasu mata na wanki. Na juyo na wuce coci. A harabar coci an fara 'yan maganganu. Wata ta ce da an bari ko mako ɗaya. Wata ta tambayi 'yata cikin wasa ko kwamfutar ta sake ganin daɓen siminti ne. Yarinyar ta yi murmushi, amma na ga ba ta ci abincin rana ba. Uwar zumunta ta ji, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "An riga an karye. Wadda ke da baki ta zo ta hura wuta da shi."

Aka kafa manyan tukwanen biki. Aka ware wadda ta fi ƙosawa, aka ɓare, aka shanya a kan tamfol. Mai taushi aka dafa, wata aka gasa. Fasto ya fito daga ofis don ya ga hayaƙin mene ne, aka miƙa masa ɗaya, ya koma da uku. Matanmu da ke zaune a Gonin Gora suka ce su kam sun san abin yi, suka cika bahuna suka tafi bakin titin Abuja, suka kafa wayar gashi a kan gawayi kusa da masu atili. Matafiya suka yi ta tsayawa. Sauran muka rarraba gida-gida, ga waɗanda dama dominsu aka shuka. Wata tsohuwa da ba ta da haƙora ta ce mu markaɗa mata, aka yi mata kunu, ta ce rabonta da kunun ɗanyar masara tun tana ƙauye.

Asabar da hantsi ina ɓarar masara a coci sai ga direban Alhaji a kan babur. Bai ko sauka ba.

"Madam, Alhaji ya ce ku zo ku gani."

Muka tafi, ni da 'yata da duk wadda ta iya tafiya. Uwar zumunta aka sa ta a keke. Tun kafin mu kai gangaren muka ji ƙarar. Rafin da na gani jiya ana wanki a cikinsa ya juya yana tafiya baya. Ruwa ja, mai kumfa, ɗauke da rassa da robobi. Gadar katako babu ita. Gonarmu kuwa, kan karan masara kawai ake gani, suna rawa a cikin ruwa. Rumfar da Alhaji ke shan shayi rufinta kaɗai ya rage. Shi yana tsaye a kan tudu kusa da injinsa, busasshe, ya harɗe hannu a baya. Sama kuma babu gajimare.

Muka tsaya a kan gangaren muna kallo. Ni dai sai na tuna shekaranjiya a daidai wurin nan muke da jarirai a baya.

Sai mai tulu ta fara guɗa. Shi ke nan, wuri ya kaure. Mata suka rungume 'yata, suka ɗaga ta sama tana ihu a sauke ta. Wadda ta yi mata zancen daɓen siminti ita ce ta fi kowa rawa. Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi," mu muka ce, "Mun gode Allah," ya aika aka kawo lemo kiret biyu. Da aka sauke yarinyar sai ta zauna a kan dutse ta fashe da kuka, tana dariya tana share hanci. Na zauna kusa da ita. Ta ce, "Mama, jiya na ɗauka na sa kun yi asara." Na ce ta sha lemonta.

Ba kowa ne ya tsira kamar mu ba. Wasu manoman da ke ƙasa da mu saƙon bai kai gare su da wuri ba, wasu kuma sun ji ba su yarda ba, shinkafa da masara suka tafi. Ranar Lahadi bayan sujada uwar zumunta ta sa aka ɗebi buhuna daga wadda muka shanya aka kai musu. Ta kuma ce wa 'yata ta karɓi lambar wayar kowannensu, da ta masu wanki da masu kamun kifi, don karo na gaba kada a bar kowa.

Sannan ta zaro wata tsohuwar waya daga jakarta, wadda ɗanta ya aiko mata tun bara ba ta taɓa kunnawa ba, ta miƙa wa yarinyar.

"Nuna mini inda ake dannawa," in ji ta. "Bayan gidana akwai kwari, kowace damina yana cin ƙasa yana matsowa. Ina so abin naki ya sa masa ido."

'Yata ta ce wannan wani aiki ne daban, sai sun koya wa kwamfutar daga farko, kuma zai ɗauki lokaci.

"To ku fara," in ji tsohuwar. Ta ɗaga wayar da hannu biyu, ta saita ta a kan tulin ɓawon masara da awaki suka kewaye, ta danna. Hoton ya fito a karkace, amma awakin duka sun shiga.